Gadon Sakinatu a Hostel ɗin Maza

A kan tudun dam ɗin Watari suka fara haɗuwa, ranar wata Litinin da hantsi.

Ba yawo ne ya kai Sakinatu wurin ba. Ta samu gurbin karatu a jami'a a Kano, mahaifinta Malam Lawan kuwa sharaɗi ɗaya ya kafa: in ta samu gado a hostel ɗin cikin makaranta ta tafi, in ba ta samu ba ta haƙura, don 'yarsa ba za ta zauna gidan haya ba. Ƙarfe goma ake buɗe shafin neman gado, kafin sha ɗaya an wawashe. A ƙauyensu na gefen Bagwai kuma waya ba ta kama sabis sai an hau tudun nan. Shi ya sa ta taho da Hure, matar yayanta.

Shafin ya ƙi buɗuwa. Tana ta danna wayar, idonta ya cika da ƙwalla, sai ta ji sallama a hankali.

Saurayi ne dogo, ƙafarsa duk laka, da littafi a hammata. Ya ce sunansa Jamil, mutumin Makoda, ɗalibin aikin gona a jami'ar, an turo su koyon noman shinkafa a fadamar dam.

"Gado ake nema, ko? Tun ɗazu na cike wa abokaina huɗu. Kawo in gwada."

Sakinatu ta sunkuyar da kai. Hure ce ta fizge wayar ta miƙa masa. "Karɓi, Malam. Wannan in ka biye wa kunyarta sai la'asar."

Yana tambaya tana amsawa ƙasa-ƙasa. Iska na kaɗa gefen mayafinta, ruwa na ƙyalli a bayanta, fararen balbelu na sauka cikin shinkafa. Sau biyu ya tambaye ta shekarar haihuwa, don ta farko bai ji ba, kallonta yake.

"An samu!" ya ce. "Ɗaki na sha huɗu."

A lokacin ne ta fara ɗaga ido ta dube shi sosai.

Da yamma saƙo ya shigo lokacin da ta hau tudu ɗibar ganye: "Assalamu alaikum, 'yar ɗaki na sha huɗu. Na ɗauki lambarki a fom ba da izini ba, a yafe min. Tun ɗazu nake auna shinkafa ina mantawa da abin da na auna."

Sai da ta goge amsa sau uku kafin ta tura: "An yafe. Allah ya saka da alheri."

Sati biyu suka yi a haka. Yana ba ta labarin makaranta, tana lumshe ido tana gani: laburare mai hawa uku, motar ɗalibai mai zagayawa, asibitin da kati kawai ake nunawa, inuwar darbejiya a bakin ajinsu. Ya sa mata suna Tauraruwa. Ita kuwa Ɗan Makoda take ce masa, shi ma a rubuce kawai.

Ranar tafiya Malam Lawan ya sa farar rigarsa, ya ɗauki akwatinta da kansa har ƙofar hostel ɗin mata. Hajiyar da ke kula da wurin ta duba takardar, ta gyara tabarau, ta sake dubawa.

"Baba, ai wannan gadon a ɓangaren maza yake. Wanda ya cike fom ɗin namiji ya zaɓa mata. Namu kuwa sun cika."

'Yan matan da ke layi suka kwashe da dariya. Malam Lawan ya sake ɗaukar akwatin, suka kama hanyar Bagwai.

A gida Hure ta faɗi gaskiya, cewa Jamil ne ya cike fom ɗin. Malam Lawan ya ce karatu ya ƙare, kuma kada ya sake jin sunan yaron nan. Fahad, ɗan gwaggonta mai shagon waya a Rijiyar Zaki, wanda ya daɗe yana son ta, ya zo har tsakar gida yana girgiza kai.

"Haka 'yan jami'a suke yi wa 'yan ƙauye, don su samu abin dariya. Ke dai ki kwantar da hankalinki, gidana ma makaranta ne."

Maganar ta zauna mata a zuciya. Ta rubuta wa Jamil: "Ashe abin wasa ka mayar da ni. Na gode."

Amsa ta zo nan take: "Wallahi Tauraruwa hannuna ne ya bi inda ya saba, hankalina kuma yana wurinki. Ni na ɓata, ni zan gyara. Ki ba ni kwana goma."

Ba ta amsa ba. Amma kullum sai ta sami dalilin hawa tudu.

A ofishin kula da harkokin ɗalibai aka gaya wa Jamil ƙa'ida. Gadajen da masu su ba su zo ba, za a sake raba su, amma ba a gyara fom sai wanda ya yi kuskuren ya rubuta da hannunsa. Kuma doka ta hana wani ya cike wa wani. Duk wanda aka samu, nasa gadon zai rasa.

"Ka ce a shagon intanet aka cike mana," in ji abokinsa Tahir. "Wa zai bincika?"

Jamil ya karɓi takarda ya rubuta sunansa da lambarsa.

Rana ta tara ya iso gonar Malam Lawan ana cirar gyaɗa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya miƙa takardu biyu.

"Baba, ni ne mai laifin. Wannan gadon Sakinatu ne, a ɓangaren mata. Wannan kuma tawa ce."

Malam Lawan ya kira Hure ta karanta masa. Da ta kai ƙarshe ya dubi yaron.

"Wato sun kore ka daga naka ɗakin?"

"Eh, Baba."

"To ina za ka kwana?"

"Akwai kawuna a Rijiyar Zaki, zan riƙa takowa."

"Wa ya tilasta ka ka rubuta sunanka?"

"Ba kowa."

Tsohon ya daɗe yana karkaɗe ƙasa daga jikin gyaɗar da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Ka ce noma kake karantawa? Tashi mu gani."

Har azahar Jamil yana cira. Sakinatu ta kawo fura, ta ajiye ba ta dube shi ba, sai dai ta ce a hankali, "Ɗan Makoda, ka sha da sanyinta." Karon farko ke nan da ya ji sunan daga bakinta.

Ta shiga makaranta. Laburaren bai kai yadda ta zana shi a ranta girma ba, amma ta so shi haka. Kullum da safe sai ta hango Jamil ya tako daga Rijiyar Zaki, gumi a goshi, yana murmushi tun daga nesa. Fahad ya yi fushi na wata biyu, daga baya da wayarta ta lalace shi ya gyara mata.

Da hutun ƙarshen shekara manyan Makoda suka zo neman aure. Aka ɗaura bayan sallar Juma'a, mutanen ƙauyuka biyu suka cika ƙofar gida, ƙawayenta na hostel suka zo mota guda suna guɗar da ba su iya ba.

Kafin a fita da amarya Malam Lawan ya kira su zaure. Sakinatu na kuka cikin mayafi, Jamil ya durƙusa a gefe.

"Amana biyu na ba ka," in ji tsohon. "Ita, da karatunta. Ranar da za ta karɓi takardar gamawa, ina so in zauna a gaba."

"In sha Allahu, Baba. Ni zan zo in ɗauke ka."

Malam Lawan ya ɗora hannu a kan 'yarsa. "Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya ta gari."

Daga zaure har tsakar gida aka amsa da amin.