Layin Alli a Kan Noti

Kwana uku ke nan bakaniken da ake kira Dogo yana tsare, Sufeto kuwa ya gaji da shari'ar tun ba a je ko'ina ba. Tayar baya ta wata bas ce ta fice a kan hanya, ta kashe wata mata mai tsallaka titi. Dogo ne ya ɗaura tayar, don haka kowa ya gama yanke masa hukunci.

"Ka manta ba ka ɗaure ba, ko?" in ji Sufeto.

"Yallaɓai, da sifanar awo na ɗaure. In ɗauri ya kai, sai ta yi ƙas, in tsaya. Kowane noti sai da na ja masa layin alli har kan ƙarfen tayar."

Sufeto ya ja ƙafa zuwa inda aka ajiye motar. Ya tsuguna, gwiwa na ƙara. Kusoshin tayar da ta fice sun miƙe sun sirance kafin su tsinke. Abin da aka bari sako-sako ba ya yin haka, sai wanda ɗauri ya yi wa yawa.

Ya duba ɗaya tayar. Allin yana nan, amma layin kan kowane noti ya goce daga na ƙarfen. Wani ya ƙara murɗawa bayan Dogo.

Aka kira direban, dattijo mai furfura, shekara talatin yana tuƙi.

"Baba, ka taɓa tayoyin nan?"

"Ni? Ina ruwana da aikin bakanike?"

Sajan da ke tare da Sufeto ya zaro wani dogon bututun ƙarfe daga ƙarƙashin kujerar direba. Bakinsa ya buɗe saboda yawan cusa sifana, tsakiyarsa ya lanƙwashe daidai inda ake taka ƙafa.

"Wannan fa, na kashe sauro ne?" in ji Sufeto, ba tare da ya yi dariya ba.

Dattijon ya daɗe yana kallon bututun.

"Yaro, ƙas ɗin nan ban yarda da shi ba. Ɗan ƙara kamar an karya ashana, a ce wai taya ta ɗauru? Kullum in an gama sai in zagaya baya, in hau da ƙafa har noti ya yi kuka. Don tsare ran mutane nake yi, wallahi."

"Ka kuma bar Dogo kwana uku a ɗaure."

"Tsoro ne."

Tausayinsa ya kama Sufeto, haushi ma ya kama shi. Ya ce a saki Dogo, ya miƙa wa Saja ankwa a saka wa dattijon.

Har sun kai bakin motar 'yan sanda dattijon ya ja ya tsaya.

"Yallaɓai, a kira ɗana a waya, ya tsaya duk inda yake. Shi ma bas yake ja, ya tashi da fasinja sha takwas. Ran nan ɗin dai na hau notocin tayoyinsa, duka huɗun."