Matar da Ba Ta Yi Kuka Ba

Ranar da aka fita da gawar mijinta, kowa a falo yana rusa kuka, ita kuwa tana kicin tana wanke kofin da ya sha ruwa da shi. Wayyo, baiwar Allah! Tun tana ƙarama haka take, in an tambaye ta me take ji a ranta sai ta yi shiru, don ita kanta ba ta sani ba.

Yayar mijin ce ta sa ta a gaba, tana ce wa mahaifinsu: "Ko ɗigon hawaye! Baba, wannan dutsen za mu bar wa marainiyarmu?" Haka aka ɓamɓare 'yarta tilo daga jikinta, yarinyar tana ihu... Maƙwabta suka daina kawo mata ɗinki. Ta rame ta lalace, kullum tana kan keke tana ɗinka ƙananan rigunan da babu mai sawa, tana cewa, "Allah, kai ka san abin da ban iya faɗa ba."

Duk da haka yayar ba ta ƙyale ta ba. Ta ja ta asibiti tare da surukin, wai a tabbatar tana da taɓin hankali, a raba ta da 'yarta har abada. Likita ta manna mata wayoyi a ka, layukan ƙwaƙwalwarta suna tafiya a allo a natse. Sai ta sa aka kira yarinyar a waya.

"Umma, yaushe za ki zo?"

Layukan nan suka hargitse, zuciya ta hau dukan uku-uku, fuskar kuwa ko gezau!

"Baba, surukarka ba mahaukaciya ba ce," in ji likita. "Akwai masu jin ciwo kamar kowa, amma ba sa gane shi, balle su faɗa."

Tsohon ya fashe da kuka. "Innalillahi... mun zalunce ki, 'yata!" Ya juya ga yayar. "Ɗauko yarinyar yanzu! Daga yau kada ƙafarki ta sake taka gidana sai uwarta ta yafe miki."

Da aka kawo ta, yarinyar ta ruga ta ƙanƙame uwarta. Uwar ta daɗe tana rungume da ita, sannan ta ɗago a tsorace.

"Baba, gwiwoyina sun saki, ƙirjina ya ɗau zafi. Ko in koma wurin likita?"

Tsohon ya share hawayensa. "A'a 'yata, zauna. Wannan shi ake kira farin ciki."