Ƙashin da Aka Turara

Ƙashin bai jure ko rabin nauyin da aka ɗora masa ba, ya ce ɓaras kamar alli. Dakta Bahijja ta kashe injin gwajin, ta kira Sufeto Mailafiya na 'yan sanda.

Ta yi masa bayani cewa ƙashin haɗi ne. Da tokar ƙashin saniya da danƙon fata take haɗa shi. Toka ke ba shi tauri, danƙo ke hana shi karyewa. Guda biyu ta yi. Wannan na gwaji ne, ɗayan kuwa tuni yana cikin cinyar Nazeer, ɗan gwaggonta, wanda mota ta ragargaza wa ƙafa. Wannan an kashe masa danƙo, kuma zafi kaɗai ke yin haka.

Mailafiya mutum ne mai shegen naci. Ya tsare Bashir mai kula da injin, ya gano cewa ledar da aka saka ƙashin a liƙe ta iso hannun Bashir ɗin. Ya je Ƙofar Wambai wajen Baba Salihu mai ɗori, wanda aka ƙwace wa jinyar Nazeer. Tsohon ya zazzaga faɗa son ransa, amma ko kalar akwatin da aka ɗauko ƙashin a ciki bai sani ba.

Da ya koma wajen Bahijja, sai ya shinshina ƙyallen da ke cikin akwatin. Ƙamshin turaren wuta ne, irin na mutanen Barno.

Nan Bahijja ta tuna: ranar aikin ta biya gidan gwaggon nata a Sheshe, ta ajiye akwatin ta shiga sallar azahar.

Suka nufi gidan. Gwaggon, Hajiya Yagana, 'yar Barno, na zaune gaban kasko, an kifa masa kwandon turara kaya. Bayan gaisuwa Mailafiya ya nuna kwandon.

"Hajiya, ban da tufafi, me aka taɓa ɗorawa a nan?"

Ta daɗe tana juya garwashi. Sannan ta ce ita dai ba ta yarda a binne wa ɗanta dabba a jiki ba. Ta ji Bahijja na cewa danƙon fata ne, kuma duk mai dafa ganda ta san abin da wuta ke yi masa. So ta yi ya narke a fasa aikin, a mayar da yaron wajen mai ɗori. Da ta ga bai sauya ko kama ba, ta ɗauka Allah bai nufa ba, ta mayar ta ja bakinta.

"Guda nawa kika ɗora?"

"Duka biyun."

Bahijja ta dafa bango. Mailafiya, da ya sha ganin gawa, sai da ya ji tsoro.

Daga ɗakin tsakar gida suka ji ƙarar sanda ta faɗi ƙasa, sai muryar Nazeer cike da murna.

"Hajiya, fito ki gani. Yau ba sanda zan tako."