Milimita Ɗaya a Rana

Ranar da Nabiha ta fara ganin Hanif, lantarki ya ɗana mata. A wani ƙaramin asibiti ne a Nassarawa GRA, inda yake aikin gwajin jijiya. Gilashin taga ya yanke mata wuyan hannu, an ɗinke, amma yatsunta uku na dama sun daina jin komai.

Ya manna mata 'yan wayoyi ya danna na'ura, layin da ke allon ko motsi bai yi ba.

"Jijiya da kanta take haɗa wutarta," in ji shi. "Da an taɓa ki, gishirin jikinki zai kutsa cikinta, ɗan lantarki ya tashi ya kunna na gabansa, har saƙo ya kai ƙwaƙwalwa. Taki ta katse a hanya. Za ta tsiro, amma milimita ɗaya a rana."

"Malam, ni na gaji tun yanzu."

Daga gwaji aka koma gaisuwa, daga gaisuwa motarsa ta haddace hanyar gidan su Nabiha a Kawaji.

Hajiya Uwa, mahaifiyarsa, ta ga tabon ƙuna a yatsun Nabiha, ta ji cewa tukunya ce ta ƙona ta ba ta ma sani ba. Ta ce ba ɗaurin aure sai hannu ya dawo, in kuwa ya ƙi, ga 'yar ƙanwarta nan a unguwar Gama.

Zance ya koma awo. Duk Asabar sai ya miƙa mata biro ta ƙwanƙwasa tafin hannunta, inda ta ji zirr ta yi ɗigo, alamar nan jijiyar ta tsiro ta kai. Wata biyar ɗigon na rarrafe, sannan ya tsaya cak. Bawan Allah bai daddara ba, kullum da safe saƙo ɗaya ne: "Nabihata, ina ɗigon ya kai?"

Rannan ta amsa: "Hanif, jijiyar kake nema ko ni? In ita ce ka jira ta kai kaɗai. Wallahi na gaji." Ta kashe waya mako biyu.

Kunya ta kama shi. Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. "Hajiya, ni ke gwajin nan. Zai iya dawowa, zai iya ƙi. Ko a haka ita nake so."

Ta ce: "Kun gajiyar da ni. Allah Ya sanya alheri."

Da Nabiha ta kunna waya ta tarar da saƙonsa: "Ki yafe ni, masoyiyata. Na jefar da biron. Kawunnaina na zuwa Asabar."

Ranar ƙunshi, mai lalle na ɗora mata a kan manuniyar dama, Nabiha ta fizge hannu. "Wayyo, sanyi!"

Ƙawarta Maryam ta rarumi waya za ta kira ango, Nabiha ta riƙe ta tana hawaye.

"Kar ki gaya masa. Bari a ɗaura tukuna."

Aka ɗaura ranar Juma'a ana ta sa albarka, ango bai san komai ba.