Fom ɗin da ya ƙi karɓar jadawali

Ranar da suka fara haɗuwa, yatsunta duk gam ne.

Aikinta a ƙaramin asibitin shi ne haɗa rahoton wata: yara nawa aka yi wa rigakafi, nawa iyayensu suka manta. Babban ofis ya turo fom na kwamfuta a kulle, ba a iya rubutu sai cikin 'yan akwatunan da aka ware, shafi na uku kuma ya ce a saka jadawali. Ta zana nata mai ginshiƙai kore da ja, ta kwafo, ta zo liƙawa, fom ya yi kamar ba da shi ake ba. Wata bakwai ke nan tana bugawa a takarda, ta yanka da almakashi, ta manna, ta sake ɗaukar hotonsa. Ana ce wa wannan ci gaba.

Shi kuma an aiko shi duba kwamfutocin asibitin. Ya tsaya bayanta yana kallon ikon Allah. Ba ta juyo ba ta ce masa in ya san wanda ya kulle fom ɗin nan, ya gaya masa akwai hisabi.

"Saƙo ya isa," ya ce. "Ni ne."

Ta nemi kalmar sirri, ya hana. Ya ce in ya buɗe, kowane asibiti zai goge tambayar da ba ta yi masa daɗi ba. Ya taɓa ganin inda aka share layin lalatattun magunguna ɗungurungum. Sai ya karɓi lambarta saboda aiki. Kafin sati, aikin ya kai ga tambayar ko ta ci abinci.

"'Yar Gam, yau na wuce kantin littattafai na ga almakashi, sai kika faɗo mini a rai."

"Mai Makulli, mutane furanni ke tuna musu da masoyi. Allah ya shirye ka. Ka isa gida lafiya?"

Da maganar aure ta taso, Babanta bai yi murna ba. Tsohon malamin makaranta ne, ya ce bai gane sana'ar da mutum zai wuni yana hana jama'a rubutu ba. Ga ɗan amininsa mai kantin magani, wanda aikinsa ko makaho ya shaƙa ya sani. Mama ta yi ta lallashi har ya sassauta: yaron ya turo manyansa kafin ƙarshen wata, in ba haka ba zai saurari amininsa. Mai Makulli ya ce a shirye yake, ita kawai yake jira ta sa rana.

Saura kwana tara wa'adin Baba ya cika aka kira taron ma'aikatan rahoto. Wata doguwa daga asibitin gabas, mai yawan dariya ba dalili, ta buɗe kwamfutarta. Ga jadawali zaune daram a shafi na uku, babu gam, babu inuwar almakashi. Da aka tambaye ta, ta ce ai mai kwamfutan nan ne ya gyara, mutumin kirki.

'Yar Gam ta yi lissafinta na masu ƙididdiga, ta samu amsa ɗaya: abin da ya hana ta wata da watanni ya ba wata. Ta rubuta masa, "Na ga wadda ka buɗe wa. Allah ya ba ku zaman lafiya." Ta toshe lambarsa. Mama ta tambayi ranar zuwan baƙi, ta ce ciwon kai take yi.

Saura kwana biyu ya zo asibitin, ba wanda ya aiko shi. Ta ci gaba da yankan takarda. Ya roƙi abu ɗaya, ta nuna masa fom ɗin da take cikewa. Ta nuna da bakin almakashi: yana nan kan fuskar kwamfuta inda ta ajiye shi tun bara, ta sa masa suna "na ƙarshe sosai".

Ya tambayi yaushe rabonta da buɗe imel ɗin ofis. Ta ce ba abin da ke zuwa ciki sai sanarwar taro da ta'aziyya. Ya ce ta daure ta buɗe.

Saƙon na nan tun sati biyar, an tura wa asibitoci goma sha huɗu. Sabon fom ne, a kulle kamar na da, sai dai a shafi na uku ya dasa akwatin hoto: ka mai da jadawalinka hoto, ka danna akwatin, ka zaɓo shi, ya shiga, sauran fom ɗin ko gezau.

"Sati uku na yi ina roƙon shugabana ya yarda," ya ce. "Saboda yatsunki na yi. Asibiti goma sha uku sun yi godiya. Na sha huɗun ta toshe ni."

"Me ya hana ka faɗa mini da baki?"

"Na so ki gani da kanki ki yi mamaki."

Ta danna akwatin, ginshiƙan suka shige suka zauna. Ta daɗe tana kallonsu don kada ta kalle shi.

"Ka gaya wa kawunka su zo gobe bayan la'asar," ta ce a hankali. "Kuma kada ka tura masa ta imel."

An ɗaura aure bayan wata biyu. Doguwar asibitin gabas ta zo, ta yi dariyarta, amarya ta rungume ta fiye da kima. Mai kantin magani ya aiko da gaisuwa.

Da za a tafi da ita, Baba ya zaunar da su biyun a gabansa. Ya ce har yanzu bai gane aikin surukinsa ba, amma ya ga mutumin da aka yi wa fushi kwana bakwai bisa kuskure, ya zo da ƙafarsa bai ɗaga murya ba. Ya dafa kan 'yarsa, ya ce:

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari. Ke kuma, in ranki ya ɓaci, ki tambaya tukuna."

Suka ce amin, nata ya fi nasa ƙarfi.