Ciwo a Kai, Filasta a Cinya

Ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni. Ke Babba, daina hararar bango, da ke nake. Kai ma Direba, nemi wuri ka zauna. Zan ba ku labarin ƙaninku da matarsa tun daga tushe, tunda kowannenku guntu ya tsinta yake yawo da shi.

Auta ya auro yarinya mai ɗinki, suka zauna a ɗakin bayan gidan nan, kekenta a bakin taga. Ana nan sai ta fara ganin ramin allura ya zama biyu. Fatar idonta ɗaya ta sauko, kai yana sara mata. Kullum kafin Auta ya tafi shagon gyaran fanka, sai ya zura mata zare a allurorin hannu, kala-kala, ya soke su jere a jikin matashi, yana tsokanarta wai ya zama ɗan koyo a gidansa. Wannan ba ku gani ba, don ba abin tsegumi ba ne.

Da aka yi mata hoton kai, aka ga wata jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ta kumbura kamar balan-balan, in ta fashe kuwa sai yadda Allah ya yi. Likita ya ce ba sai an fasa kai ba. Za a huda jijiya a saman cinya, a zura siririyar roba ta bi hanyar jini har can, a tura lallausan zaren ƙarfe ya nannaɗe cikin kumburin ya toshe shi. Ina zaune ya faɗa, da kunnena na ji. Aka yi, aka dace, aka sallamo ta.

Sai ga Babba ta zo dubiya, ita da ƙawayenta, suna sa ran ganin kai a aske an naɗe da bandeji. Ta janye ɗankwalin yarinya, ta tarar da kitso lafiya lau, ko gashi ɗaya bai goce ba. Ta mayar mata da ɗankwalin. Da ta kama ta za ta kai ta banɗaki, zani ya zame, ta hango filasta. Nan ta sake ta, ta fito tsakar gida tana tafa hannu.

"Ciwo a kai, filasta a cinya? Mu za a raina wa hankali? Ciki aka cire, ko mahaifar gaba ɗaya!"

Yarinya ta dafa ƙyaure, hawaye na zuba. "Anti, wallahi ta nan aka bi."

"Ta cinya ake zuwa kai? To ni ma gobe ta rijiya zan hau bene."

Ƙawaye suka kwashe da dariya. Na fito na faɗi abin da likita ya ce, Babba ta ce tsufa ne, kowa ya ga dama sai ya juya ni. Kai kuma Direba, da ba ka taɓa leƙa asibitin ba, ka zo da yamma kana huci, ka ce ko Auta ya saki matarsa, ko kada ya ƙara kiranka Yaya. Kuka tsare shi a zaure kamar ɓarawo.

Ya bari kuka gama, sannan ya ce, "Yaya, sori, amma ba zan sake ta ba. Ni na riƙe hannunta har ƙofar tiyata. Inda aka huda kuwa ba wurin da zan nuna wa taro ba ne."

Washegari ya ɗora keken ɗinki a kai, ya kama hannun matarsa, suka koma ɗakin haya. Ku kuka ci gaba da yaɗa magana har masu kawo mata ɗinki suka janye. Ita ko sau ɗaya ba ta rama ba. In ta kira ni, sai ta ce in gaishe mata da Anti.

Watanni sun shuɗe. Jiya na je. Na same ta a bakin taga, ta lashi zare, ta zura a allura tashi ɗaya, Auta yana gefe yana ƙorafin an kore shi daga aikin zura zare. Idon ya buɗe tas. Da ta miƙe ta kawo mini ruwa, ciki ya riga ta isowa. Mahaifar da kika cire da bakinki ke nan, Babba.

Abin da mutum bai sani ba, tambaya ake yi, ba shela ba. Ita ta yi haƙuri, Allah ya ba ta lafiya, ya bar mata mijinta, ya ƙara mata da rabo. Ku kuma kun tashi da me? Ƙani ɗaya gare ku, kun kore shi.

Ga leda nan a gefenki. Atamfar da kika ba ta tun kafin ciwon ce, ta ɗinke ta ce in kawo miki, har da maɓallan da kika zaɓa. Ki sa ta. Direba ya ɗauke ki a mota, ku je ku durƙusa ku ba su haƙuri, ku daidaita wannan magana tun kafin ta haihu. Ba na so jikana ya zo duniya ya tarar ana nuna masa goggonsa daga nesa.