Dalar Malam Cindo

Mardiya tana durƙushe gaban banda tana juya kifi lokacin da ƙanwar babanta, Gwaggo Asabe, ta fito daga ɗakin Inna ɗauke da akwati a ka. Ta san akwatin. Shi ne wanda dangin saurayinta Fa'izu suka kawo wata huɗu da suka wuce, ranar da aka sa musu rana.

"Gwaggo, ina za ki da shi?"

"Inda ya hito," in ji Gwaggo, ba ta ko kalle ta ba. "Babanki ya ce a mayar."

"To," Mardiya ta ce, ta ci gaba da juya kifinta.

Inna ta tsaya bakin ƙofa tana jiran ihu, ihu bai zo ba.

"Ke Mardiya! Ba ki ji abin da anka ce ba?"

"Na jiya, Inna."

"To ki yi kuka mana, ɗiyar nan! Kukan ya fi mini wanga shiru!"

Ta nemi kukan a ƙirjinta, ba ta tarar da komai ba. Ji ta yi kamar labarin wata ake ba ta.

Abin ya faru ne shekara biyu bayan an ba Kebbi jiha, a wata tungar masunta da ke gaɓar tafkin Kainji, kusa da Wara. Mahaifinta, Malam Cindo, shi ne mai babbar dala a tungar, wato tarun nan mai ƙananan ido da ake ja daga gaɓa, ya kwaso uwa ya kwaso 'ya'ya. Fa'izu kuwa ɗan masunta ne da ya yi sakandare a Yelwa, ya dawo yana koyarwa a firamare. Shi da wasu samari suka kafa ƙungiya, suna bin tunga-tunga da lasifika suna cewa a bar ƙaramin kifi ya girma, in ba haka ba nan gaba ruwa zai zama wayam. Da farko dariya ake musu. Sannu a hankali magana ta shiga kunnen Sarkin Ruwa, aka yi mitin, aka kafa kwamiti, aka hana dala. Malam Cindo ya ƙi bari. Ranar wata Talata samari suka janyo dalarsa kan yashi suka cinna mata wuta, jama'a na kallo, Fa'izu na tsaye riƙe da takarda.

Kwana uku bayan mayar da akwati, Fa'izu ya tare ta a bakin ruwa tana wankin kwanduna.

"Mardiya, don Allah ki saurare ni. Wallahi ba ni na ƙyasta ashana ba!"

"Ka hana?"

Ya ce, "Ni ne sakataren kwamiti. In na ce a bar dalar babanki don zai zama surukina, wa zai sake jin maganata?"

"Ka je ka ba shi haƙuri?"

"Haƙurin mi? Ni ke da gaskiya fa! Ki bari in sa Hedimasta ya kai maganar wurin hakimi, dole ya..."

"Ba a kai ubana ƙara saboda ni." Ta faɗe shi ba tare da ɗaga murya ba, kamar mai faɗin farashin gishiri. "Riƙe gaskiyarka, Fa'izu. Ni zan riƙe ubana."

Ta ɗora kwandunan a ka ta wuce. Ta ji yana kiran sunanta, ƙafafunta dai ba su tsaya ba.

Da yamma babanta ya kira ta zaure. Hannuwansa na kan gwiwa, babu abin da zai saƙa ko ya ɗinke.

"Kin ga tsakiyar ruwan can?" ya ce. "Nan garinmu yake. Kabarin ubana na ƙarƙashi. Ina saurayi masu takarda sunka zo sunka ce mu tashi, wai don amfaninmu za a yi dam. Munka tashi. Da ƙyar na koyi wanga ruwa, na haɗa dala zare bayan zare. Yau kuma wani mai takarda, wanda anka raɗa wa suna a gabana, ya ƙone ta gaban ƙanana, wai don amfanina. Ban yi miki dole kan kowa, Mardiya. Amma wancan, a'a."

"Duk yadda ka ce, Baba."

Haka damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Mardiya tana tashi, ta feɗe kifi, ta hura banda, ta yi sallah, ta kwanta. Abinci ba ta jin gishirinsa. Ƙawayenta aka yi ta kai su ɗakunansu, tana zuwa biki ta zauna, in an yi guɗa ta kalli bakin mai guɗar. Masu neman aure sun zo har uku. Tana fita ta gaishe su da ladabi, ta amsa abin da aka tambaye ta, kowanne ya gaji da zance da itace ya janye da kansa. Yayanta Dauda, da yake shi ke jan dalar, ya tattara ya tafi tafkin Chadi neman abin yi. Malam Cindo, mutumin da a da yake da yara goma sha biyu a ƙarƙashinsa, ya koma shiga ƙaramin kwale-kwale shi kaɗai da taru mai manyan ido.

A shekara ta uku wasu masunta daga wata tunga ta ƙetare, inda ba a taɓa daina jan dala ba, suka zo roƙon a bar su su kama kifi a wannan gefen. Shugabansu Yohanna abokin Malam Cindo ne tun tsohon gari, don haka gidan su Mardiya ya sauka. Mardiya ce ta kai musu ruwa. Ta ga Yohanna ya buɗe ƙullin tsarabar da ya kawo, kifi ne, 'yan karfasa ƙanana, kowacce ba ta wuce ɗan yatsa ba.

"Abin da ya rage mana ke nan, Cindo," ya ce. "Jikokina da yunwa suke kwana."

Babanta ya daɗe yana kallon ƙullin. Sannan ya juya ya kalli banda, inda ƙaton kifin nan giwan ruwa da ya kamo da safe yake kwance an raba shi uku don ya shiga.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga sallama a zaure. Fa'izu ne, ya rame, ba takarda a hannunsa. Mardiya na bayan zana tana tsince shinkafa, tana jin komai.

"Baba, na zo ne in ba ka haƙuri."

"Don ka ji Yohanna ya zo? Ka zo ka ji na ce kai ad da gaskiya?"

"A'a, Baba. Tun bara nike zuwa ƙofar nan ina komawa. Kamata ya yi in zo in durƙusa gabanka sau goma kafin a taɓa dalarka. Na zaɓi a ga ƙarfin kwamiti, na kunyata ka gaban 'ya'yanka. Ko ba ka ba ni Mardiya ba, ka yafe mini."

Kaji suka fara cin shinkafar da ke gaban Mardiya, ba ta kore su ba.

"Kan kifi ka fi ni gani," in ji Malam Cindo a ƙarshe. "Kan mutane kuwa yau ka fara karatu. Tashi. Ka ce wa kawunka ina nemansa."

Inna ce ta fara ganin fuskar Mardiya. Ta saki muciya ta rugo.

"Lafiya? Mi ya same ki?"

Mardiya ta taɓa kumatunta ta ji su a jiƙe. Sai kukan ya ɓalle gaba ɗaya, mai sauti, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Inna ta rungume ta tana dariya tana hawaye.

"Yi abinki, ɗiyata! Yi da ƙarfi!"

Bayan Sallah ƙarama aka ɗaura aure, Dauda ma ya dawo ya tarar da biki. Daga baya in ƙungiya za ta shiga wata tunga, Malam Cindo ne ke gaba, shi ke fara zama da dattawa kafin samari su kunna lasifika.

To, samari masu ɗauke da sabon ilimi, ku sani gaskiya ko ta fi rana haske, in aka shigar da ita gida ba sallama, korar ta ake yi. Iyaye kuma kada zafin abin da ya wuce ya toshe muku kunne. Ita kuwa Mardiya ba ta saɓa wa uba ba, ba ta ci amanar masoyi ba, ta yi haƙurin shekara uku, Allah kuma ya haɗa mata su biyun a tabarma ɗaya.